Buhun da Febi Ta Ɓoye a Bayan Mota

Keffi, Afrilu 1997

Yaya Siman,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da aikin garejin kamfaninku da ruwan Fatakwal ɗin nan da ka ce ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. 'Yarka Mabel ta warke daga ƙyanda, sai ɗan tabo a wuya. Mama Judit, mahaifiyar maigidana, ciwon gwiwa ke damunta, amma bakin nan yana nan da ƙarfinsa.

Yaya, maigidana Malachi ya ajiye alli, ya bar koyarwa. Tun da aka ba mu jiha bara, idon kowa a Keffi yana kan hanyar Abuja. Magina sun cika Mararaba da Nyanya, kuma duk wanda ya wuni yana ɗaukar bulo dole ya ci abinci. Sai ya sayar da filin da ya gada, ya sayi farar a-kori-kura ta hannu. Yana shiga ƙauyukan bayan Panda ya ɗauko wa mata 'yan kasuwa doya da gawayi, ya kai musu Mararaba. Mama ce ta fi kowa zuga shi. Ita ke buga masa ƙofa da asuba, ko hadari ya haɗu sai ta ce namiji ba gishiri ba ne. Ban ce ba ta da gaskiya ba, amma wani lokaci nakan so ta bar shi ya huta.

Ba cinikin ne ya hana ni sukuni ba. Jiya da nake share motar na ɗaga kujera don in ga abin da yake tafiya da shi. Sifana ɗaya na gani, da wani ƙaramin jak mai yoyon mai, da wata tsohuwar igiya da ɓera ya ci gefenta. Shi ke nan. Ka san hanyar Panda, Yaya, kai ka yi yaron mota a kanta. Ga damina ta ƙarato. Da na yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce mutumin da ya riƙe aji mai yara fiye da kujeru ba taya ce za ta gagare shi ba.

Ni ba zai ji tawa ba, amma kai yana ganin girmanka. Ka rubuto abin da ya kamata mai irin wannan mota ya riƙe, ka rubuta yadda zan iya miƙa masa ya karanta da kansa.

Ƙanwarka,
Febi

Fatakwal, Mayu 1997

Ƙanwata Febi,

Na sami wasiƙarki, na gode wa Allah da Mabel ta tashi. Ni lafiya, sai ɗan mura. Ki gai da Malam Malachi, ki ce masa ina taya shi murna. Ki ba shi wannan ya karanta.

Suruki, koyarwa kai ne gwani, amma ƙarƙashin mota gidana ne, don haka ka yi haƙuri in yi maka darasi. Jak ba ginshiƙi ba ne. Ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa. Akwai wani abokin aikina Ezra, ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai don ya ɗauko noti ɗaya da ya gangara. Ni na kai wa matarsa takalmansa. Tun daga ranar, ko hannuna ba na zurawa ƙarƙashin mota sai na cusa wani abu mai ƙarfi a gefen jak, ko tayar da na cire, ko kututture, ko dutse mai faɗi.

Kafin ka ɗaga, ka sa giya, ka ja birkin hannu, ka tare sauran tayoyi da waigi. In akwai kaya a baya, a sauke, ko da masu kayan za su yi ta tsaki. A ƙasa mai laushi kada ka dasa jak a kan dutse mai tudu, zamewa zai yi. Katako mai kauri ake shimfiɗawa. In kuma abu mai nauyi ne ya faɗi kake son ɗaga shi, ka ɗaga kaɗan ka cusa dutse, ka ƙara kaɗan ka ƙara dutse. Ta haka ko jak ya ci amanarka, motar ba ta da inda za ta faɗa.

Na haɗa maka kaya zan ba Sha'aibu, direban tankarmu da ke bi ta Keffi in zai hau Jos. Akwai sabon jak mai ƙarfi, da katakon da na yanka masa daidai, da sifanar taya mai kai huɗu, da guntun shebur, da famfon iska. Na sa filaya da guduma, da sarƙar jan mota mai ƙugiya a kowane baki. Adda da tocila ka saya a nan. Safayar tayarka tana rataye a ƙarƙashin bodi, ka riƙa sauke ta kana shafa wa makullinta mai, don irin waɗannan tsatsa ke kama su, sai ranar buƙata su ƙi buɗewa.

An kira ni aiki, na dawo, bari in ƙarasa kafin Sha'aibu ya tashi.

Batun tsohuwar nan da Febi ta faɗa mini kuwa, ka fitar da ita tun damina ba ta yi nisa ba. Ta gama amfaninta. In ka ci gaba da dogara da ita, wata rana ita za ta kai ka kabari.

Allah ya kiyaye hanya.

Yayanku,
Siman

Keffi, Yuni 1997

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya a jiki, amma gida ba lafiya.

Me ya kai ka, Yaya? Sha'aibu ya kawo kaya da wasiƙa ranar Lahadi bayan mun taso sujada. Malachi ya ji daɗi, ya shimfiɗa kayan a tsakar gida yana jujjuya jak ɗin kamar yaro da sabon takalmi. Ya ce kowa ya zauna ya ji darasin surukinsa. Mama tana kan tabarmarta. Yana karantawa da ƙarfi yana dariya, har ya kai kan tsohuwar da za a fitar. Bai ankara ba sai da ya karanta layin har ƙarshe.

Mama ta ce, "Ni ce na gama amfani? Febi, abin da kike rubuta wa danginki ke nan?" Ta tashi da sandarta ta shige ɗaki.

Na ce ina jin igiya kake nufi. Malachi ya ce, "Ina sunan igiya a wurin? Kuma in ba ita yake nufi ba, me ya sa ya gai da kowa bai gai da ita ba?" Na karɓi takardar na duba, lallai ba ka gaishe ta ba. Ya tambaye ni ko na kai ƙarar uwarsa wurinka. Ban iya cewa a'a ba, don na ɗan yi ƙorafi.

Ya rantse ba zai taɓa ƙarfen wanda ya zagi uwarsa ba. Ya ce in mayar maka. Na tura kayan ƙarƙashin gado, takardar kuma na ɓoye ta cikin littafin waƙoƙina, ina karanta ta kullum har na kusa haddacewa. Shi kuwa yana nan yana fita da tsohon jak ɗinsa. Ruwa ya sauka sosai. Shekaranjiya sai da la'asar sakaliya ya dawo, laka har ƙugu. Da na ji ƙarar mota a waje sai gabana ya faɗi, in ban ji ba ma ya faɗi.

Don Allah ka rubuto da sauri, ka rubuta wa Mama da sunanta.

Febi

Fatakwal, Yuli 1997

Zuwa ga Mama Judit, da Malam Malachi, da Febi,

Mama, na durƙusa ina gaishe ki. Yaya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwananki.

Igiya nake nufi, Mama. Igiyar da Febi ta ce ɓera ya ci. Ruɓaɓɓiyar igiya in ta tsinke ana jan mota, dawowa take kamar bulala, tana iya fasa gilashi ta fasa kan mutum. Na fara maganar sarƙa, aka kira ni, na dawo na ɗora daga inda tunanina yake, ba daga inda birona ya tsaya ba. Rashin gaisuwar kuma gaggawa ce da rashin hankalin bakanike. Ni da na rasa tawa uwar ina ƙarami, da wane baki zan ce a kori ta wani? Ki yafe mini.

Suruki, ka yi fushi da ni iya son ranka, ka daina gaishe ni ma in ka ga dama, amma ka sa jak ɗin nan da katako a mota. Ƙarfe bai san wanda ya saye shi ba.

An tura Sha'aibu Legas, don haka ta gidan waya na aiko wannan. Febi, ranar da ta iso ki ba ni amsa, ko layi biyu ne.

Siman

Fatakwal, Agusta 1997

Febi,

Ina fata wannan ta same ki lafiya. Ni ban san yadda nake ba.

Na rubuto muku tun watan jiya, shiru. Na ce ko fushi ne, na haƙura. Yau Sha'aibu ya dawo daga Jos, ya same ni ina wanke hannu, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce da zai hau Jos ya tsaya shan shayi a tashar Keffi ya ji direbobi suna maganar wata farar a-kori-kura da ta danne mai ita a hanyar Panda. Wai tsohon malamin makaranta ne. Wani ya ce an kai shi asibiti, wani ya ce gawa aka kai. Ya je gidanku ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta duk sun tafi gona, ga tanka cike da mai ba ta barin mutum ya daɗe.

Febi, farar a-kori-kura ba ɗaya ba ce a Keffi, malaman da suka bar aji ma ba ɗaya ba ne. Haka nake ta gaya wa kaina. Amma na kasa cin abinci. Ɗazu na ɗaure noti na kwance, na sake ɗaurewa, ban san ko na yi ba. Na nemi izinin tafiya, ogan ya ce sai injin da muka buɗe ya tashi.

In abin da nake tsoro ne, kada ki ɓoye mini don ina nesa. In kuma ba shi ba ne, ki rubuta "ba shi ba ne" kawai, ya ishe ni. Na ba wani direban bas wannan da hannu, zai ajiye ta wurin Fastonku.

Yayanki,
Siman

Keffi, Satumba 1997

Yaya Siman,

Yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Shi ne, amma yana da rai. Ni da Mabel da Mama lafiya. A bencin asibiti nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Fasto ya kawo mini wasiƙarka ta hannu, ta gidan waya kuwa sai makon nan ta iso, duk ta jiƙe ta bushe.

Ga yadda aka yi. Da na ga shiru daga wurinka, na kasa jurewa. Na zuba jak da katako da shebur da sifana da sarƙa a buhun gawayi, na ɗaure baki, na cusa shi can ƙuryar bodi ƙarƙashin tamfol. Ya tambaya, na ce kayan zumuntar mata ne da za a karɓa a wani ƙauye. Na kuma fara bin sa, wai ina son in koyi sarin doya. Gaskiya zaman jira ne ya fi ƙarfina.

Ranar mun ɗauko sabuwar doya, mu huɗu: ni da shi, da Adama da Filomina masu kayan. An kwana ana ruwa. Da muka gangaro wani rafi da hantsi, tayar baya ta fashe daidai inda ƙasa ta yi laushi. Ya fito da tsohon jak, ya samo wani dutse ya ɗora.

Na matso kusa da shi yadda matan ba za su ji ba, na ce, "Baban Mabel, kayan Yaya suna cikin buhun nan. Don Allah."

Ya dube ni ya ce, "Ashe zumuntar matan ke nan."

Na ce, "To ko doyar a sauke."

Ya ce, "Aikin da bai kai shan ruwa ba? Matsa."

Ya ɗaga, ya cire taya, ya jingine ta da bishiya. Ya zo sauke safaya, makullin ya ƙi buɗewa. Ya buga, ya ja, ya ƙi. Sai na ga ya kwanta ya zura jikinsa ciki. Na ce, "Malachi, fito!" Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba sai ranar. Jak ɗin ya yi wani ɗan ƙara kamar an taka ƙwarya, motar ta zauna.

Yaya, ba zan iya rubuta ihun da ya yi ba. Kansa da ƙirjinsa sun tsira don akwai ɗan rami a wurin, amma ƙarfen sifirin ya danne masa cinya cikin laka. Filomina ta ɗora hannu a ka tana kiran Yesu. Muka kama bodi mu uku muka ɗaga, ko motsi. Babu kowa a hanya. Ruwan rafin kuma ja ne, yana ƙaruwa, alamar ana ruwa a sama, ga mu a gangare.

Ban san daga ina natsuwa ta zo mini ba. Muryarka na ji kamar kana tsaye a bayana. Na ce Filomina ta bar kuka ta hau ta watso doya ƙasa. Ta ce, "Za su farfashe." Adama ta ce, "Su farfashe mana! Doya ce ko mutum?" Ita ta fara jefo nata. Na tare tayoyin gaba da duwatsu, na kwance buhu.

Jak bai shiga ba, motar ta yi ƙasa da yawa. Na durƙusa na haƙa rami da shebur a ƙarƙashin babban ƙarfen bodi, laka tana komawa ina kwashewa da hannu. Na shimfiɗa katako, na dasa jak, na fara bugawa. Da farko katakon ne ya riƙa nutsewa, motar ba ta tashi ba. Malachi ya daina ihu, ya koma nishi, wannan ya fi ba ni tsoro. Na ce, "Yi mini magana." Ya ce, "Ƙafata ba na jin ta." Na ce, "Ba ƙafa na tambaye ka ba, faɗa mini sunayen yaran ajinka." Ya fara lissafo su a hankali, ni kuma ina bugawa.

Sai na ji ƙarfe ya yi ƙara, bodi ya ɗan motsa. Filomina ta ce in yi sauri in buga gaba ɗaya. Na ƙi. Na ce Adama ta cusa dutse. Na ƙara kaɗan, ta ƙara dutse. Ana cikin haka jak ya karkace ya zame, amma motar a kan duwatsun Adama ta zauna, ba a kansa ba. Na gyara katako na sake. Ruwa ya riga ya taɓa duga-dugansa lokacin da Adama ta leƙa ta ce, "Ga haske tsakanin ƙarfe da cinyar." Muka kama shi ta hammata muka ja shi waje.

Wata tifa da ta zo ɗibar yashi ce ta kawo mu gari, yana kwance a kan tamfol, kansa a cinyata. Direban ya koma daga baya da mutanensa suka sa taya, suka jawo motar da sarƙarka.

Ƙashin cinya ya karye, naman kuma ya mutsuke. Mama ta so a kai shi wurin mai ɗori, na ce a'a, muka yi ta ja har Fasto ya shiga tsakani. An yi masa aiki. Likita ya ce ciwon bai gama tsabta ba, sai an ga yadda zai yi kafin a san ko ƙafar za ta zauna. Kullum da safe in za a buɗe bandeji sai in fita waje, ina kallon fuskar nas ta taga.

Jiya na karanta musu wasiƙarka ta igiya a bakin gadonsa. Mama ta ce, "Ashe da igiya aka haɗa ni suna." Ta yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen kaɗai suka rage. Ta ce in gaya maka babu komai tsakaninku. Malachi ya juya fuska bango. Da zan fita ya ce, "Ki ce wa Yaya katakon ya yi daidai."

Ka yi ta addu'a saboda ƙafar nan.

Febi

Fatakwal, Oktoba 1997

Ƙanwata,

Na karanta layinki na farko na zauna a ƙasan gareji, yaran aiki suka zaci faɗuwa na yi. Allah mun gode. Ki gai da Mama da kyau, ki gai da suruki, ki ce masa ƙafa za ta zauna da yardar Mai Duka. Ki gai da Adama, ban san ta ba amma 'yar'uwata ce daga yau.

Na yi alfahari da ke, amma hankalina ya tashi da na karanta yadda kika zura hannu kina kwashe laka a ƙarƙashin motar da ba ta kan komai. Kada ki sake.

Sha'aibu ya ce ya ga motar a ƙofar gidanku an wanke ta, kuma ya ji ana cewa kina zagaya filin makaranta da ita. Ina fata ƙarya ne. Hanyar Abuja ba filin makaranta ba ce, tireloli da tifofi a kanta ba sa ganin ƙaramar mota. Ku ba wani direba haya, ko ku jingine ta har Kirsimeti in zo mu yi shawara. Gida ɗaya ba zai ɗauki majinyata biyu ba.

Ki rubuto mini batun ƙafar da zarar likita ya yi magana.

Siman

Keffi, Nuwamba 1997

Yaya Siman,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa ta zauna. Likita ya ce za ta ɗan gajarta, zai riƙa ɗingishi, kuma taka kuloci ba yanzu ba, wataƙila ba nan kusa ba. An sallame mu, yana tafiya da sanduna biyu. Mabel ta ce babanta ya zama mai ƙafa huɗu. Mama lafiya, tana gaishe ka.

Abin da Sha'aibu ya ji gaskiya ne. Mun gwada ba wani haya, ya dawo da ita fitila ɗaya a fashe, yana warin burkutu. Ga kaka ta yi, doya tana fitowa, su Adama sun jira mu iya jira. Filin da za mu koma noma kuwa shi ne wannan motar. Don haka Malachi ya koma koyarwa, ɗalibarsa ɗaya. Yana zama a gefena da sandunansa tsakanin gwiwoyi, ni kuma na sa matashi a bayana don ƙafata ta kai.

Makon jiya muka je Mararaba da kaya, ni a sitiyari. Duk tirelar da ta wuce sai in ji motar ta yi rawa, ni ma in yi. A wani hawa kafin mu shiga kasuwa motoci suka cunkushe, na tsaya, da zan tashi ta mutu a hannuna, ta fara komawa baya. Wata bas tana manne da mu, kwandastan yana dukan bodi yana ihu, "Mace ce! Madam, je ki daka sakwara!" Idona ya rufe. Na jira Malachi ya yi mini tsawa ko ya fizge sitiyari. Sai na ji ya ce a hankali, "Birkin hannu, Febi. Babu mai korar ki." Na ja. Na tayar. Na saki kuloci a sannu har na ji ta ɗauka, muka haye. Adama tana baya a kan doya tana rama mini zagin kwandasta, har da na kakarsa.

Da muka sauke kaya na zagaya bayan wata rumfa na yi amai. Na wanke baki, na dawo na tuƙo mu gida.

Ranar Litinin an ce ya koma asibiti a duba ƙashi, kuma ranar ce su Adama suka tara kaya a ƙauye. Ba zai iya raka ni ba. Zan bi ta rafin nan, ba wata hanya. Tun jiya nake ta tuna gangaren, amma zan je.

Kada ka rubuto ka hana ni, Yaya. Kafin wasiƙarka ta iso na je na dawo. Addu'a dai ka yi mini, ita ba ta bi ta gidan waya.

Ƙanwarka,
Febi